Wai da gaske an yi gwamnatin awa 18 a Masar zamanin Sarki Faruk?

Ɗan Bu'us ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Azhar, shekarata ta biyu ke nan, ina zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Hutun da ya wuce mu huɗu muka yi karo-karo muka hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis zuwa Iskandariya, don mu ga teku mu ɗan huta da zafin Alƙahira. Rana ta biyu muka shiga lambun Muntaza. Muna zaune a kan wani dakali muna cin gasasshiyar masara, sai wani dattijo da ya kawo jikokinsa shan iska ya ji muna Hausa, ya tambaye mu mutanen ina ne. Daga nan hira ta ɓarke. Can ya ɗaga sandarsa ya nuna ginin fadar, ya ce a ciki aka rantsar da gwamnatin da ta fi kowace gajeren kwana a ƙasarsu. Wai da yamma ministoci suka yi rantsuwa a gaban Sarki Faruk, washegari sun zama tsofaffin ministoci. Ya ce awa 18 ta yi. Ya yi ta jero sunaye, Basha wane da Basha wane, amma Larabcin titi nawa har yanzu rarrafe yake yi, ga tsohon ba haƙora, rabin maganar iskar teku ta kwashe.

Abin ya tsaya mini a rai. Na tambayi wani abokin karatuna Bamisire, ya ce shi dai abin da ya riƙe daga makaranta shi ne juyin 23 ga Yuli da Jamal Abdul Nasir, sauran sun bi ruwa. To masana tarihin wannan zaure, a taimaka mini. Wane ne firaministan? Me ya kashe gwamnatin tasa tun ba ta kwana biyu ba? Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, tunda akwai sarki a kan gado, ni a zatona shi ne wuƙa shi ne nama. Me zai sa ya riƙa naɗa gwamnati yau ta rushe gobe?

Tsohon Ba'azhare ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da ilimi mai albarka. Na zauna a wannan Bu'us ɗin naka daga 1975 zuwa 1981, ka tuna mini da ƙuruciya. Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba. Ahmad Najib Hilali Basha ne firaministan. An rantsar da shi da ministocinsa ranar 22 ga Yuli 1952, a daren ranar sojoji suka fito. Sai dai in ka ɗauki awa 18 ɗin nan ita kaɗai ba za ka gane komai ba, domin ita ce ta huɗu cikin gwamnatocin da Faruk ya naɗa a wata shida. Ni a bakin wani mai aski da ke bayan masallacin Husaini na fara jin labarin. Ɗan jam'iyyar Wafd ne na a-mutu, yana yi maka aski yana zagin fada, shekara ashirin da ɗoriya bayan an kori sarkin. Tsoron askarsa ya sa ban taɓa yi masa musu ba, sai dai in koma in bincika.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Masar ta wancan lokaci tana kan tsarin mulkin 1923. Akwai majalisar da ake zaɓa, akwai firaminista, amma sarki na da ikon naɗa ministoci da sallamarsu, yana kuma iya rushe majalisar wakilai. Ga sojan Ingila jibge a bakin mashigin Suwez. Murhu ne mai duwatsu uku: fada, Wafd, da Turawa. Duk lokacin da aka yi zaɓe na gaskiya Wafd ke ci, Faruk kuwa ko inuwar shugabanta Mustafa Nahhas ba ya son gani, musamman tun 4 ga Fabrairu 1942 da jakadan Ingila Miles Lampson ya kewaye fadar Abidin da tankokin yaƙi ya tilasta masa naɗa Nahhas ɗin. Wannan wulaƙanci bai taɓa haɗiye shi ba. Ka ga wuƙar tana hannunsa, amma naman ba nasa ba ne shi kaɗai.

Wafd ta ci zaɓen Janairu 1950 da rinjayen fiye da kashi biyu cikin uku. A Oktoba 1951 Nahhas ya soke yarjejeniyar 1936, wadda ta yarje wa Ingila ajiye soja 10,000 a yankin mashigin, alhali a lokacin sun ninka haka nesa ba kusa ba. Samari 'yan jami'a da 'yan Ikhwan, wato ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi, suka shiga kai wa Turawa harin sari-ka-noƙe. Ranar 25 ga Janairu 1952 sojan Ingila suka yi wa 'yan sandan Masar ƙawanya a Isma'iliyya, suka ce su miƙa makamai. Ministan cikin gida Fu'ad Sirajuddin ya ba su umarni ta waya kada su miƙa wuya. Aka kashe musu wajen mutum 50. Ita ce ranar 'yan sandan da kake ganin ana yi wa biki kowace shekara a can. Washegari Asabar tsakiyar Alƙahira ta kama da wuta: otal ɗin Shepheard, bankin Barclays, sinimar Rivoli, kantin Cicurel, kulob ɗin Turawa, gine-gine sama da 700, mutum 26 suka mutu. Sarki kuwa yana Abidin yana walimar haihuwar ɗansa Ahmad Fu'ad tare da manyan hafsoshin soja da na 'yan sanda, soja ba su fito titi ba sai da rana ta yi sanyi. Har yau ba a tsayar da wanda ya kunna wutar ba, kowa da wanda yake nuna wa yatsa.

Ga Faruk, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya bari Nahhas ya kafa dokar ta-ɓaci da hannunsa a daren, washegari ya sallame shi.

Na farko da aka kira shi ne Ali Mahir Basha, tsohon ɗan fada, wanda yake firaminista lokacin da Sarki Fu'ad ya rasu a 1936 Faruk ya gaje shi. Mutum ne mai dabara. Ya lura ba zai iya zama da Turawa a teburi ba muddin Wafd na bayansa tana wasa wuƙa, sai ya shiga lallaɓa su, har ya yabi Nahhas a gaban majalisa. Fada kuwa ba abin da ta kawo shi ya yi ke nan ba, so take a murƙushe Wafd. Aka buga takardar dakatar da majalisa a jarida ba da yardarsa ba. Ranar 1 ga Maris ya ajiye aiki, wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan.

Sai Hilali, karo na farko. Lauya ne, tsohon ministan ilimi, ɗan Wafd da jam'iyyar ta kora a 1951, kuma an shaide shi da tsabtar hannu. Da kalma ɗaya ya zo, taɗhir, wato wanke gwamnati daga cin hanci. Ya fara da 'yan Wafd, fada tana tafi. Da tsintsiyar ta doshi attajiri Ahmad Abbud Basha, mai kamfanin sukari da jiragen ruwa, wanda ake bi harajin miliyoyin fam, ta kuma doshi fadawan da ke lasar miya a hannunsa, sai tafin ya tsaya cak. Maganar da ta cika gari, wadda mai askina yake rantsuwa a kanta, ita ce Abbud ya ba da fam miliyan 1 ta hannun fadawa biyu, Karim Sabit da Ilyas Andrawus, aka sayi faɗuwar Hilali. Jita-jita ce, ba wanda ya taɓa fito da rasit. Abin da kowa ya gani da idonsa shi ne Hilali ya ajiye a ƙarshen Yuni, ranar 2 ga Yuli aka naɗa Husaini Sirri Basha, na hannun daman Abbud, ga kuma Karim Sabit, mai ba sarki shawara kan 'yan jarida, zaune cikin ministoci.

A nan ka kula da sunaye, don ni sun daɗe suna rikita ni. Najib biyu ne, Sirri ma biyu. Akwai Najib Hilali firaminista, akwai Janar Muhammad Najib na soja. Akwai Husaini Sirri firaminista, akwai Janar Husaini Sirri Amir, kwamandan dakarun kan iyaka, ɗan lelen sarki, wanda ƙananan hafsoshi suka tsana saboda ana danganta shi da badaƙalar makamai ta yaƙin Falasɗinu na 1948. A ƙarshen 1951 aka yi zaɓen shugabannin kulob ɗin hafsoshi da ke Zamalik. Muhammad Najib ya lashe shugabanci, 'yan takarar fada suka sha ƙasa, Sirri Amir ko kujera bai samu ba. Sarki ya ƙullaci abin, tsakiyar Yuli ya sa aka rushe shugabancin kulob ɗin. Firaminista Sirri ya ga bariki na tafasa, ya roƙi sarki a ba Muhammad Najib ministan yaƙi ko ƙura ta lafa. Sarki ya ƙi. Ranar 20 ga Yuli Sirri ya ajiye, kwana 18.

Aka sake kiran Hilali. Wannan karon kujerar ministan yaƙi sarki ya ɗora Isma'il Shirin a kai, mijin ƙanwarsa Gimbiya Fauziyya. Kafin nan labari ya riga ya isa kunnen Nasir da mutanensa, waɗanda ke kiran kansu 'Yantattun Hafsoshi, cewa fada ta samu sunayen wasu daga cikinsu kuma sabuwar gwamnati za ta kama su. Suka matso da ranar da suka tsara. Ka tuna da bazara sarki da gwamnati duk Iskandariya suke komawa, shi ya sa dattijonka ya nuna maka Muntaza. Ministoci suna can bakin teku suna karɓar barka, Alƙahira ba kowa sai hafsoshi. Yusuf Siddiƙ ya fito da rundunarsa awa ɗaya kafin lokacin da aka sa, kuskuren ya zame musu alheri, domin ya iske manyan hafsoshi a hedikwatar soja ta Kubri Ƙubba suna shirin yadda za su kama su, ya tsare babban hafsa Husaini Farid. Da safe wajen ƙarfe 7:30 Anwar Sadat ya karanta sanarwa a rediyo da sunan Muhammad Najib. A ranar Hilali ya miƙa takardar murabus. Isma'il Shirin dare ɗaya ya yi yana ministan yaƙi, kuma a daren sojan suka kuɓuce.

Malamar Tarihi ta rubuta:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Amma ina neman afuwa, kamar an yi wa Hilali wanka da sabulu mai yawa. Ba na musun cewa bai ci kuɗi ba. Sai dai mu dubi abin da ya yi a wata huɗun nan nasa. Yana hawa ya dakatar da majalisa, ranar 24 ga Maris ya rushe majalisar wakilan da jama'a suka zaɓa. Aka sa zaɓe a watan Mayu, sannan aka ɗage shi ba a sa rana ba. Da dokar ta-ɓaci ya yi mulki, jaridu ba sa fita sai an tace su, Sirajuddin kuma aka yi masa ɗaurin talala. Abin da Ali Mahir ya ƙi yi wa fada, shi ya yi mata a sati uku. Da ya gama karya Wafd, amfaninsa ga sarki ya ƙare, shi kuma ba jam'iyya ba majalisa, wa zai tsaya masa ranar da fadawa suka juyo kansa? Da hannunsa ya sare reshen da zai kama.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina in mun zo wannan babi shi ne, da aka rufe majalisa aka ɗage zaɓe, zaɓe ɗaya ne ya rage a Masar da ake iya kayar da ɗan takarar sarki a cikinsa, wato na kulob ɗin hafsoshi. Shi ya sa rigimar kujerar kulob, wurin shan shayi da wasan kati, ta iya kayar da firaminista. Sannan mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa a watan Yuni, me ya mayar da shi ranar 22 ga Yuli? Ai ya san gidan da ya fito.

Ɗan Mai Wurno ya rubuta:

Sannunku da ƙoƙari, daga bakin Shuɗin Nilu nake gaishe ku. Malam ya tsallake wani abu da ya shafe mu nan Sudan. Lokacin da Nahhas ya soke yarjejeniya a Oktoba 1951, majalisa ta kuma naɗa wa Faruk laƙabin Sarkin Masar da Sudan. Wannan laƙabi ya zame wa duk gwamnatocin nan ƙarfen ƙafa. Ba firaministan da ya isa ya sauka daga kansa, Ingila kuma ta ce ba za ta amince ba sai an tambayi mutanen Sudan. Shi ya sa duk wanda ya hau, maganar ficewar Turawa daga mashigi ba ta motsawa. Hilali ya gwada wata hanya, ya gayyaci wakilan Sayyid Abdurrahman al-Mahdi, ɗan Mahdi kuma jagoran Ansar, suka je suka zauna da shi, amma ba su karɓi sarautar Faruk a kan Sudan ba.

Da sarkin ya tafi, laƙabin bai daɗe ba ya bi shi. Muhammad Najib a Khartoum aka haife shi, a Kwalejin Gordon ya yi karatu, mutanen nan sun ɗauke shi ɗan gida. Ranar 12 ga Fabrairu 1953 aka sa hannu da Ingila cewa Sudan za ta zaɓi makomarta, 1 ga Janairu 1956 aka ɗaga tuta. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903 ba su taɓa ganin Faruk ba, amma na 'yan watanni a takarda shi ne sarkinsu.

Ɗan Bu'us ya rubuta:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Malama, na gode Yaya na Mai Wurno. Yanzu na gane ashe Najib biyu dattijon yake ta ambata, ni ina ɗauka mutum ɗaya ne yake firaminista kuma yake juyin mulki. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini. Me ya hana sarki ba Muhammad Najib kujerar nan tun da Sirri ya roƙa? Da ya ba shi, da ya tsira?

Tsohon Ba'azhare ya rubuta:

Malama, na karɓi gyara, rabi dai. Gaskiyarki kan majalisa, kuma maganar kulob ɗin nan ban taɓa kallonta ta wannan fuska ba. Amma kada mu manta Wafd ɗin 1950 ba ta zamanin Sa'ad Zaglul, wanda ya kafa ta, ba ce. Ita ma ta sha zargi kan wasa da farashin auduga da cusa 'yan uwa a aikin gwamnati, har gidan Nahhas kansa maganar ta taɓa. Mai askina in an kawo wannan sai ya ƙara wa askar sauri. Komawar Hilali ta biyu kuwa, a nan ba ni da abin kare shi.

Ɗana, Faruk yana ganin soja kayan gidansa ne, gadon kakansa Muhammad Ali Basha da ya kafa gidan sarautar. Minista kowa ma ya zama, a canza shi kamar hula, amma bariki da mutanen da ke shiga ɗakinsa ba mai taɓa su. Babban kwamandansa Haidar Basha daga shugabancin gidajen yari ya ɗauko shi. Na kusa da shi har da Antonio Pulli, Ba'italiye da ya shiga fada a matsayin mai gyaran lantarki, da hadiminsa Muhammad Hasan, wanda ta hannunsa takardun gwamnati ke isa ga sarki. Duk firaministan da ya zo cikin wata shidan nan, in ka duba, a ɗaya daga wuraren nan ya yi tuntuɓe, ko majalisa, ko fadawa, ko kujerar yaƙi. An bar jaki ana dukan taiki. Ba Najib kujera a wurinsa daidai yake da ya yarda yaran da suka kayar da shi a kulob sun fi ƙarfinsa.

Ko da ya tsira? A ganina a'a, sai dai ya sayi 'yan watanni. Najib fuska ce da furfura, Nasir ke riƙe da zaren, kuma shirin ya yi nisa. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne yadda ya ba da kai cikin kwana biyu. Sojoji suka ce a dawo da Ali Mahir, ya dawo da shi. Suka ce Najib ya zama babban kwamanda, ya sa hannu, alhali kwana uku da suka wuce ya hana shi kujerar minista. Suka ce a kori fadawa, ya saki akasarinsu yana roƙon a bar masa Pulli. Ihu bayan hari. Ranar 26 ga Yuli soja suka kewaye fadar Ra'asut Tin inda ya koma, Ali Mahir ɗin nan da ya tarbe shi kan gado a 1936 shi ya kai masa wa'adi: ya sauka kafin azahar, ya bar ƙasa kafin ƙarfe 6 na yamma. Ya sauka ya bar wa jaririnsa ɗan wata shida sarauta, ya shiga jirgin ruwan Mahrusa zuwa Italiya, jirgin da ya kai kakansa Isma'il gudun hijira can a 1879. Ali Mahir ma bai daɗe ba, 7 ga Satumba sojoji suka sauke shi Najib ya karɓa, ranar 18 ga Yuni 1953 aka soke sarautar baki ɗaya. Fauziyya da mijinta ba su bi shi ba, a Iskandariya ta zauna har ta rasu a 2013.

In ka samu ranar da ba karatu, ka je wajen Ƙal'a, tsohuwar ganuwar Salahuddin, masallacin Rifa'i yana daura da na Sultan Hasan. A Roma Faruk ya rasu a 1965, amma kabarinsa yanzu yana nan ciki, wurin ubansa Fu'ad da kakansa Isma'il. Kusa da su akwai Shah na Iran, mijin Fauziyya na farko. Ina Alƙahira a Yuli 1980 aka kai shi, mun tsaya bakin titi cikin zafin nan muna kallon Sadat yana tafe a ƙasa bayan gawar. Ka tafi da katinka na ɗalibi ko a rage maka kuɗin shiga. Kuma ka gaya mini, har yanzu ful da burodi ake ba ku da safe a Bu'us?